'YAR MANOMI DA TA KARƁI LAMBA DAGA HANNUN SARAUNIYA

Duk wanda ya bi hanyar Kura ko ta Bunkure da sassafe a lokacin ɗibar tumatir, ya kan ga 'yammata ɗauke da kwanduna sun nufi gonakin noman rani, alhali kuwa a daidai lokacin a ke kaɗa ƙararrawar makaranta. Ruwan madatsar Tiga ya kawo wa ƙasar nan albarka, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir, amma aikin gona da talla sun raba yara da yawa da aji. Saboda waɗannan 'yammata na ga ya kamata in ba malamai labarin wata 'yar manomi wadda ita ma ta taɓa barin makaranta.

Sunanta Althea Gibson. An haife ta ran 25 ga watan Agusta, 1927, a wani ƙauye wai shi Silver, cikin jihar South Carolina ta ƙasar Amurka. Iyayenta baƙar fata ne, talakawa, su kan noma auduga a gonar wani, in an yi girbi a raba da mai gona. Da noman ya gaza, a 1930 suka yi ƙaura zuwa unguwar Harlem ta birnin New York. Yarinyar ba ta son zaman aji, har ta bar makaranta tana da shekara 13. Amma a titin gidansu a kan tare hanya da rana don yara su sami wurin wasa, nan ta koyi wani ƙaramin tanis da a ke bugawa da allon katako. A 1939 ta zama gwanar matan birnin duka a wannan wasa. Maƙwabta da suka ga haka sai suka yi karo-karo, suka biya mata kuɗin koyon tanis na sosai.

Ga wanda bai san wasan ba, fili ne mai tsawon ƙafa 78, da raga a tsakiya mai tsayin ƙafa 3. Mutum biyu ko huɗu ke buga ƙwallo ta bisa ragar, wanda ya kasa mayar da ita cikin iyaka an ci shi.

A 1946 waɗansu likitoci biyu baƙar fata, Dokta Hubert Eaton da Dokta Walter Johnson, suka ga wasanta, suka ɗauki nauyinta. Ta zauna a gidan Dokta Eaton ta koma makarantar sakandare, in an yi hutu ta tafi wurin Dokta Johnson horon wasa. Ta gama a 1949 tana da shekara 21, ba ta ji kunyar zama aji ɗaya da ƙannenta ba. Sa'an nan ta shiga jami'ar Florida A&M, ta sami digiri a 1953, ta zama malamar wasannin motsa jiki a jami'ar Lincoln ta jihar Missouri.

To, a zamanin nan wariyar launin fata ta yi ƙarfi a Amurka. Baƙaƙe suna da ƙungiyar tanis tasu dabam, Althea kuwa ta ci gasarsu shekara goma a jere, daga 1947 zuwa 1956, amma manyan filaye a rufe su ke gare ta. Sai a watan Yuli, 1950, wata Baturiya tsohuwar gwana, Alice Marble, ta rubuta wasiƙa a mujallar tanis, ta ce adalci shi ne a bar yarinyar ta gwada kanta a fili. Maganar ta yi tasiri. A watan Agusta aka bar ta ta shiga babbar gasar Amurka a Forest Hills, ita ce baƙar fata ta farko. Ta kara da Louise Brough, mai riƙe da kambin Wimbledon, har ta kusa cinye ta, sai hadari ya tsai da wasa. Kashegari aka ci ta da kyar.

Ba ta karaya ba. A 1956 ta ci gasar Faransa a birnin Faris. A 1957 ta ci gasar Wimbledon a Landan, ta doke Darlene Hard, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta miƙa mata lambar da hannunta. A shekarar nan ta ci ta Amurka, a 1958 kuma ta sake cin biyun. Jimlar manyan kofunanta 11, biyar ita kaɗai, shida tare da abokan wasa.

Amma fa a lokacin ba a ba masu cin waɗannan gasa kuɗi, kofi kuwa ba ya cika ciki. Don haka ta bar gasar a 1958, ta shiga neman abinci, har ta koma wasan golf, inda nan ma ita ce baƙar mace ta farko a ƙungiyar ƙwararrun mata. Da tsufa ya zo ciwo ya kwantar da ita, hannunta kuma ya bushe. Ƙawarta Angela Buxton, Bayahudiya 'yar Ingila wadda suka ci Wimbledon tare a 1956, ita ta yi shela aka tara mata gudunmawa. Ta rasu ran 28 ga watan Satumba, 2003.

Hanyar da ta share ba ta toshe ba. Arthur Ashe, wanda shi ma almajirin Dokta Johnson ne, ya ci Wimbledon a 1975. Serena Williams ta ci gasar Amurka a 1999, yayarta Venus ta ci Wimbledon a 2000, su biyun kuwa sun ziyarci Legas a 2012. Ons Jabeur, Musulma 'yar Tunisiya, ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023. A 2019 aka kafa wa Althea abin tunawa a filin gasar Amurka.

To, malamai, ku duba waɗanda suka ɗaga yarinyar nan: maƙwabta masu karo-karo, da likitoci biyu da suka mayar da ita aji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na san iyaye da yawa za su ce wasa bai dace da 'ya mace ba, saboda tufa da cuɗanya. Maganarsu abin saurare ce, amma tana da magani: makarantar mata mai katanga, malama mace, da tufa mai sutura. A nan Kano ma a kan yi gasar tanis ta Dala, ba sai an ƙetare teku ba.

Roƙona ga kowane malami a Kura da Bunkure shi ne ya buɗe rajista, ya ƙirga 'yammatan da suka daina zuwa tun da aka fara aikin rani, ya je wurin mai unguwa da iyayensu, ya nemi a mayar da su, ko da sun girme wa 'yan ajin. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.