Inda Matar Da Ake Duka Za Ta Sami Taimako A Kano

'Yan'uwa, a yawon da muke yi cikin ikilisiyoyin ƙauyuka, mata sukan ja mu gefe su tambaye mu ko doka ta ba miji izinin dukan matarsa. Tambayar tana da tushe. Sashe na 55 na dokar Final Kod, wadda aka fara aiki da ita a Arewa a 1960, ya bar wa miji ƙofar horon matarsa inda al'adarsu ta yarda. Mu dai ba mu ga alherin wannan sashe ba. Amma ko shi bai kāre wanda ya yi mummunan rauni ba: karya ƙashi ko haƙori, lalata ido ko kunne, ko ciwon da ya hana mace aikinta har kwana 20. Wannan laifi ne mai kai mutum gidan yari.

Saboda haka asibiti ne wurin farko, tun ciwon yana sabo. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya a ƙaramar hukumar Tarauni. Ta gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru, kada ta ce faɗuwa ta yi, domin abin da ya rubuta shi alƙali zai karanta. A ajiye kati da rasit a gidan wata 'yar'uwa. Idan akwai fyaɗe, cibiyar Waraka tana duba mata kyauta.

Daga nan sai wurin 'yan sanda, ko kotun majistare ta Gyaɗi-Gyaɗi. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi hukumar Legal Aid Council, da gwamnatin tarayya ta kafa a 1976 domin marasa hali, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA reshen Kano.

Lauya zai tambayi irin auren. Idan na rajista ne, mai satifiket ɗin gwamnati, babbar kotu ce ke duba shi, kuma dokar aure ta 1970 ta ba ta ikon sa miji ya riƙa biyan kuɗin ci da sha na mata da yara. Yawancin auren ƙauye kuwa na al'ada ne da aka sa wa albarka a majami'a, hanyarsa daban ce. A bincika takardar tun yanzu.

Abin da ya fi mayar da mata gidan duka shi ne rashin kuɗi. Shari'a tana cin watanni, kowane zama kuma sai an biya mota zuwa birni da dawowa. Muna roƙon kowace zumuntar mata ta ware wani kaso na adashinta domin wannan, ma'aji biyu su riƙe shi cikin sirri, a kuma sa mutum ɗaya ya raka ta duk ranar zama. Wadda take da lambar NIN ta buɗe asusun banki da sunanta, ta ajiye kuɗin gyaɗarta ko na akuyarta a ciki.