Taliya mai zaƙi ta mutanen Mong

Mong wata al'umma ce ta Asiya. Suna zaune cikin tsaunukan kudancin Sin, da Lawos, da Biyetnam, da Tailan. Bayan yaƙin Lawos ya ƙare a shekara ta 1975, da yawa daga cikinsu sun yi ƙaura zuwa Amurka da Faransa. Sun tafi da harshensu da girkinsu.

Cikin abincinsu na buki akwai nab vam. Sunan ya fito daga harshen Lawos, ma'anarsa ruwa mai zaƙi. Taliya ce gajera, mai santsi, kore da ja da fara. Ana zuba ta cikin madarar kwakwa da sukari da ƙanƙara, a sha da cokali.

Da garin shinkafa da garin ƙullin rogo ake yin taliyar. Idan gari ya dahu cikin ruwa, yana kumbura, ya yi kauri. Shinkafa ke ba taliya jiki, rogo kuma ya ba ta danƙo. Ruwan sanyi shi ke sa ta daskare.

Wanda ba ya da wasu kayan yana iya sake su. Amma akwai doka guda: abin da aka sa ya yi aikin abin da aka rasa.

Madarar kwakwa tana da maiƙo da garɗi. Ruwan aya ma haka yake, ga shi kuwa ana noman aya da yawa a jihar Maraɗi. A jiƙa ta, a niƙa, a tace. Mong suna samun kore da ƙanshi daga ganyen pandan. Ruwan na'ana'a yana ba da duka biyu. Soɓorodo kaɗan yana ba da ja. Garin gero kuwa ba ya maye gurbin rogo, don ba ya da danƙo: taliyar sai ta wargaje.

Ga yadda ake yi. A dama kofi 2 na garin shinkafa da kofi 1 na garin rogo cikin kofi 8 na ruwa, tare da launin. A aza bisa wuta kaɗan, ana tuƙawa har ya yi kauri yana ƙyalli. A zuba cikin kwano mai huda-huda, a danna da ludayi, yana faɗawa cikin ruwan randa. A tsame, a zuba ruwan aya da sukari.

Yara, ku kula! Ɗanyen rogo mai ɗaci yana da guba. Sai garin da aka jiƙa, aka wanke, aka shanya ake amfani da shi. Kada ku yi aikin wuta sai tare da babba.

Tambayoyi

1. Ina mutanen Mong suke zaune?
2. Mine ne aikin ruwan sanyi?
3. Don mi gero ba ya maye gurbin rogo?