WAN: Haruffa Uku da ke Nuna Asalin Mota

Direban da ya ɗauki kaya daga Durba, a ƙaramar hukumar Kibiya, ya bi ta Rano da Kano da Katsina, ba ya bukatar ya faɗa wa kowa inda aka yi wa motarsa rajista. Lambar motar tana ɗauke da sunan jiha, da kuma haruffa uku na ƙaramar hukuma. Amma da zarar ya wuce Jibiya ya nufi Maraɗi, waɗannan haruffa sun daina magana. Idan aka yi haɗari motar ta gudu, jandarman Nijar yana bukatar ya san ƙasar da zai nemi mai ita tun kafin ya damu da sunan jiha.

Wannan matsala ta girmi kakannin ɗaliban yau. Tun a shekarar 1909, a birnin Faris, wasu ƙasashen Turai suka amince cewa duk motar da za ta tsallake iyaka ta ɗauki alamar ƙasarta a baya. Yarjejeniyar Janiba ta 1949 da ta Biyana ta 1968 sun ƙara fayyace siffar alamar: fara ce mai siffar ƙwai, an rubuta baƙaƙen haruffa a kanta, daga ɗaya zuwa uku, kuma tsayin harafi kada ya gaza santimita 8 a kan mota. Akwai hikima a nan. Ido ya fi saurin rarrabe baƙi a kan fari, ko da daga nesa ne, ko cikin ƙurar hunturu.

Alamar Nijeriya ita ce WAN. Sau da yawa ɗalibai kan yi mamaki, domin sun zaci da N za ta fara. Gadon mulkin mallaka ne. W da A haruffan farko ne na sunan Afirka ta Yamma da Ingilishi, N kuwa Nijeriya. Shi ya sa Gambiya ke da WAG, Saliyo kuma WAL. Gana ta yar da irin wannan bayan samun 'yanci, ta ɗauki GH. Maƙwabciyarmu Nijar tana amfani da RN, wato Jamhuriyar Nijar da Faransanci. Jamus kuwa D ce, domin haka sunan ƙasar yake farawa a bakin Jamusawa. Alamar ma takan sauya: a watan Satumba na 2021 Birtaniya ta bar GB ta koma UK.

Sai dai alama ba ta biyan diyya. Idan motar Durba ta buge wani a wata ƙasar ECOWAS, abin da zai fitar da direban shi ne Brown Card, takardar inshorar ƙasashen ECOWAS da aka kafa da yarjejeniyar Kwatano ta 1982. Da ita ne kamfanin inshorar gida yake ɗaukar nauyin ɓarnar da aka yi wa wani a ƙetaren iyaka.