Ƙoda da Farfaɗowar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki Bayan An Cire Gudan Jini

A ƙauyukan yammacin Katsina irin su Darini, a yankin Batsari da Safana, idan magidanci ya wayi gari bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa sun saki, akan ce iska ce ta buge shi, a shiga hayaƙi da rubutun sha. A wajen likitoci kuwa, ɗayan abu biyu ne ya faru: ko dai wata jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa, ko gudan jini ya toshe ta. Wannan maƙala ta tsaya ne a kan na biyun.

Idan babbar jijiya ce ta toshe, likita yakan zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu, ya bi da shi har cikin kai, ya zaro gudan. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan a kan majiyyata 500, wanda aka buga a 2015, shi ne ya fara tabbatar da amfanin yin haka cikin sa'o'i shida. A 2018 aka nuna cewa waɗansu majiyyatan suna iya cin moriyarsa har zuwa sa'o'i 24.

To, ina ruwan ƙoda da aikin da ake yi a kai? Da farko dai, kafin likita ya ga inda jijiya ta toshe, sai an ɗura wa majiyyaci wani rini mai sinadarin aidin domin jijiyoyi su fito a hoto, kuma ƙoda ce ke fitar da wannan rini ta fitsari. An daɗe ana tsoron kada ya yi mata lahani, amma an gano cewa ba kasafai hakan ke faruwa ba. Saboda haka ba a jinkirta hoton domin jiran gwajin ƙoda ga wanda ba a san shi da ciwonta ba, tunda kowane minti ƙwaƙwalwa na asarar ƙwayoyin halitta kusan miliyan biyu.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Ƙoda da ƙwaƙwalwa, kamar gonaki biyu ne da ke shan ruwan fadama ɗaya: dukansu cike suke da ƙananan jijiyoyi masu laushi, kuma hawan jini da ciwon suga tare suke cin su. Ƙoda biyu na tace ruwan jini wajen lita 180 a yini. In an auna aka ga ƙarfin tacewar ya yi ƙasa da 60 har wata uku, to ciwon ya zauna, kuma alama ce cewa jijiyoyin kai ma sun jigata tun kafin gudan ya zo. Shi ya sa ko an buɗe jijiyar sarai, mai raunin ƙoda bai cika komawa gona da ƙafarsa kamar mai lafiyayyar ƙoda ba, kuma mutuwa ta fi yawa a cikin irinsu. Duk da haka aikin yana yi masa amfani, ba a hana shi don wannan.

Ga mutumin Darini, gaskiya wannan aiki da nisa yake. Asibitocin da ke yin sa ƙalilan ne a Nijeriya, ga hanyoyin gefen Dajin Rugu da rashin tsaro ya sa ake shakkar bin su da dare, alhali sa'o'i na tafiya. Abin da ke kusa da shi, shi ne ƙodarsa. Binciken SIREN da aka gudanar a Nijeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo wannan cuta. Awonsa ba ya cin minti biyar a ƙaramin asibiti. Sai kuma ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda manomi ke saye a kemis ya haɗiya kullum bayan ya yini cikin rana da ƙishirwa. Waɗannan suna rage jinin da ke isa ƙoda, suna kuma ƙara hawan jini.