Kirk-Greene, Di'on da Ya Tattara Takardun Arewa

 Yau za mu waiwayi rayuwar wani Bature da ya shekara 93 a duniya. Ya sa kakin soja, ya yi aikin Di'o a Lardin Adamawa, sauran kwanakinsa kuma ya ƙarar da su wajen farautar littattafai da takardun da suka shafi ƙasarmu. Sunansa Anthony Kirk-Greene. Duk wanda ya karanta Hausa ko tarihi a jami'a, da wuya bai ci karo da sunan nan ba.

An haife shi a Ingila a 1925. A 1943, Yaƙin Duniya na Biyu na tsaka da ci, ya shiga soja a rundunar Indiya, bai tuɓe kaki ba sai 1947, shekarar da Indiya ta sami 'yancin kai. A yaƙin nan ne dubban samarin Arewa suka ratsa ta Indiya zuwa dazukan Bama. Daga bariki ya wuce Jami'ar Cambridge, a 1950 kuma ya sauka a Nijeriya yana ƙaramin jami'in mulki.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya. A wancan zamani aikin Di'o shi ne rangadi, da ƙidayar masu biyan haraji, da bin jangali, da duba littafin kotun alƙali da na baitulmalin En'e. In aka ce Di'o na tafe, dagaci ba ya barci, talaka kuma ya san akwai share hanya da ɗaukar kaya. Mulkin da Kirk-Greene ya yi wa aiki ba mu muka gayyato shi ba. Sai dai ga inda ya bambanta da tsararrakinsa. A lokacin wajibi ne jami'in mulki a Arewa ya ci jarrabawar harshe, yawanci Hausa, amma da dama daga cikinsu iyakarsu abin da za su ba da umarni da shi. Shi kuwa ya zarce. A 1958 ya fitar da littafi kan tarihin Adamawa, kuma tun kafin nan an mai da shi Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a Zariya, inda ya horar da 'yan Arewa da za su gaji kujerun Turawa. Ya ci gaba da koyarwa a can har bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga 1967 ya zauna a Kwalejin St Antony's ta Oxford.

To, jama'a, inda nake so mu ɗan tsaya shi ne tara takardu. Akwai mai tara littattafai don ya jera su a kanta baƙi su gani. Kirk-Greene in ya samo abin da ke shirin ɓacewa, sai ya nemi yadda za a sake buga shi. Heinrich Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, ya shiga Kano da Yola a 1851, ya kuma rubuta tafiyarsa cikin manyan juzu'i biyar da ɗalibi a Zariya ba zai iya mallaka ba. A 1962 Kirk-Greene ya tsamo sassan da suka shafi Nijeriya ya haɗa su a littafi guda. Haka ya yi da kundayen lardunan Arewa, waɗanda Razdan-Razdan suka tsara tun wajen shekarun 1920, masu ɗauke da jerin sarakuna da asalin garuruwa. An buga su 'yan kaɗan, gara da ƙura na cin sauran a ofisoshi. A 1972 aka sake fito da su cikin juzu'i huɗu, da gabatarwarsa.

Babban aikinsa a wannan fanni shi ne na rikicin 1966 da yaƙin basasa. Ku tuna, abubuwan da suka girgiza ƙasar nan a lokacin yawanci ta rediyo aka ji su, kuma magana a rediyo iska ce, da an faɗe ta ta wuce. Jawabin juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 daga Kaduna, bayanan taron Aburi a Gana, shelar ɓallewar Biyafara a ranar 30 ga Mayun 1967, har zuwa miƙa wuya a Janairun 1970, duk ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya tara jawabai da sanarwar gwamnatoci da ƙasidun kowane ɓangare, ya buga su cikin juzu'i biyu a 1971, shekara guda kacal bayan an ajiye makamai.

Tabbas takardun Turawa da idon Turawa aka rubuta su. Akwai sunayen da suka karkata, akwai sarakunan da aka yi wa rashin adalci. Amma malamanmu na tarihi da suka zo suka gyara kurakuran, sun iya gyarawa ne saboda takardar tana nan a gabansu. Shi ya sa nake roƙonku, in akwai adakar wani tsohon soja ko tsohon ma'aikacin En'e a gidanku, da takardar sallamarsa da tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo, kada a bar mai ƙosai ta naɗe kaya da su. Akwai inda za a kai su, wato Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, duk a Kaduna.

Hausar da ya koya ma bai bar ta a baki ba. A 1966 ya wallafa karin magana 500 a littafin Hausa Ba Dabo Ba Ne. A 1974 ya fitar da Mutumin Kirki, inda ya yi wa masanan Turai da Amurka bayanin abin da Bahaushe yake aunawa kafin ya yaba wa mutum, irin su gaskiya da amana da kunya da haƙuri da karamci.

Ya yi ritaya daga Oxford a 1992, amma bai ajiye alƙalami ba. Yana ɗan shekara 81 ya fitar da littafi kan aikin Di'o a Afirka, aikin da shi kansa ya fara da shi. Ya mutu a watan Yulin 2018.