Wuraren Hutawa a Ƙasar Gombe Lokacin Hunturu

Ga hutun ƙarshen shekara ya ƙarato. In an rufe makaranta, yawancinmu ba mu da zance sai na gari: tashar mota ta cika, Babbar Kasuwa ba masaka tsinke, kowa na neman kayan Kirsimati da na sabuwar shekara. Masu ɗan hali kuwa sai ka ji sun ce Yankari za su, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Yankari wuri ne mai kyau ƙwarai, tun 1962 a ke karɓar baƙi a can, amma a wannan mako ne ya fi cika da mutane. Shi ya sa na ga ya kamata in nuna wa 'yan'uwana masu koyon aikin malanta waɗansu wurare na nan ƙasarmu, inda ba hayaniya, ba kuwa sai an kashe kuɗi mai yawa ba.

Da farko, don me a ka ce watan Disamba ya fi dacewa? Dalili shi ne, a lokacin an gama kaka, ciyawa ta bushe, hanyoyin ƙauye sun biyu. Fadamu da ƙananan rafuka sun ƙafe, saboda haka tsuntsaye da dabbobi su kan taru inda ruwa ya saura. Wanda ya san inda ruwan ya ke, ya san inda zai gan su. Shamuwa dai ta riga ta yi kudu, sai damina ta kusa za ta komo, amma a madadinta akwai baƙin tsuntsaye da su ka gudo wa sanyin Turai, su ka ƙetare hamada su ka sauka a bakin ruwayenmu.

Wuri mafi kusa shi ne kurmin Kanawa, gabas da Gombe kan hanyar Biu. Mai keke ma ya iya zuwa ya komo kafin azahar. Kurmin ba shi da girma, amma akwai ruwa a cikinsa, don haka itatuwansa na nan kore shar alhali kewayensa duk ƙasa ta yi fari. Ka shiga da sassafe, ka sami gindin itace ka zauna shiru kamar rabin sa'a. Da fari ba za ka ga komi ba. Can sai ka ji cilakowa ta yi kuka, ka ga reshe ya motsa, ƙananan tsuntsaye su sauko shan ruwa. Gandun gwamnati ne, saboda haka a nemi izinin ma'aikatan daji kafin a shiga.

In ka ci gaba a kan wannan hanya, kamar kilomita 37 daga Gombe, sai ka isa Dadin Kowa, inda a ka datse kogin Gongola a cikin shekarun 1980. Shi wannan kogi daga tsaunukan Jos ya taso, ya yi arewa maso gabas, ya karya kwana wajen Nafada ya yi kudu, har ya je ya faɗa Binuwai a Numan. Madatsar ta tara wani babban tafki, daga nan ne birnin Gombe ke samun ruwan famfo, ana kuma noman rani a ƙasanta. A bakin tafkin a kan ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an kafa sanda, ga balbela, ga agwagin ruwa, ga masunta na jan koma. Dutsen Bima kuma na nan kusa. Masu ilmin duwatsu da sunansa su ke kiran irin dutsen yashin da ya shimfiɗu a wannan yanki duka.

Amma a yi hattara, akwai dorina a ruwan nan. Da rana ta kan kwanta cikin ruwa, da dare ta fito kiwo, har ta shiga gonaki. Kada nauyin jikinta ya ruɗe ka, ta fi mutum gudu. Kada ka tsaya tsakaninta da ruwa, kada kuma ka shiga kwalekwale sai da masuncin da ya san wurin.

Wanda ke da kwana biyu ko uku, shi ya kama hanyar Yola, ya wuce Kumo da Billiri ya sauka Kaltungo. Tun daga nesa zai hango Dutsen Tangale tsaye shi kaɗai, kamar an kifa tulu. Asalinsa dutse ne mai aman wuta. Narkakken dutse ya daskare a cikin maƙogwaronsa, sa'an nan ruwa da iska su ka yi ta cinye ƙasa mai taushi da ke kewaye shekaru aru-aru, har ƙashin ya saura a tsaye. Abin da mu ke zanawa a allo da alli ke nan, ga shi a fili.

Daga Kaltungo a ke hawa zuwa Tula, kamar kilomita 100 daga Gombe. Hanyar na da kwana-kwana, sama kuwa akwai sanyi, sai a riƙe bargo. Abin da ya fi kyaun gani a Tula shi ne gonaki. Mutanen wurin sun jera duwatsu a jikin tsauni hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa ya tare ƙasa da ruwan sama kada su gangare. Da haka su ka ci da kansu a kan dutse tun zamanin yaƙe-yaƙe, sa'ad da sauka fili ke da hatsari. Akwai kuma tsohon kurkuku na zamanin Turawa. A lura da abu guda: ƙasar Kaltungo ta yi suna wajen kububuwa, har akwai asibitin sarar maciji a garin. A sa takalmi rufaffe, kada a cusa hannu ƙarƙashin dutse.

Mai son tarihi shi nufi Gombe Abba, a ƙasar Dukku, bakin Gongola. Nan ne Modibbo Buba Yero ya kafa sarauta, nan kabarinsa ya ke. A 1913 a ka ta da hedkwata zuwa Nafada, a 1919 kuma a ka kawo ta Doma, watau Gomben da mu ke ciki yau. Tun da sarauta ta tashi, garin ya zauna shiru abinsa. A kan hanya ka dubi gawo. Sauran itatuwa na zub da ganye, kuka ta zama ƙirin, shi kuwa yanzu ya ke fid da nasa, da damina ya kaɗe. Shi ya sa dawa ke yin kyau a gindinsa: ba ya tare mata rana, dabbobin da su ka sha inuwarsa da rani kuma sun bar taki.

To, me ya kai malami wannan yawo? Ba da daɗewa ba za a ba kowannenmu aji. Za mu koya wa yara labarin ƙasa, mu gaya musu kogin Nilu da na Kwango. Abin kunya ne yaro ya tambayi malaminsa ina Gongola ta nufa, malam ya yi ta sosa ƙeya. Ban da wannan, dazuzzukanmu na ƙarewa saboda gatari da gawayi da ƙunar daji, yaron da bai san sunan itace ba kuwa ba zai ji zafin sare shi ba. Gani ya kori ji.

Guzurin ba shi da yawa: ruwan sha, ɗan littafi da fensir, da abokin tafiya ɗaya ko biyu, ba gayya ba. A tambayi lafiyar hanya kafin a tashi, in an isa a fara gai da mai gari, a komo masauki kafin magariba. Kada a kunna wuta a daji, kada a bar leda a ƙasa. Wanda ya je, shi rubuto abin da ya gani don a buga a fitowa ta gaba. Allah ya kai mu sabuwar shekara lafiya.