Gatanar da Ba Ta da Ƙurunƙus

A Nuwamban 2022, masoya fina-finai a dandalin Tumblr suka ƙago wani fim, Goncharov, wai na Martin Scorsese ne tun 1973. Wani ya zana fosta, wani ya tsara kiɗa, aka yi ta muhawara kan jarumansa, alhali ba a taɓa ɗaukarsa ba.

A ganina, gatana ce irin tamu ta Fakku. Sai dai tamu da "ga ta nan" take buɗewa, ta rufe da "ƙurunƙus", kowa ya san wasa ne. Ta intanet ba ta da wannan shinge. Wanda ya tsinci guntunta a WhatsApp zai ɗauke ta gaskiya. Matasanmu masoya Kannywood, in za ku gwada, ku sa alama, kada raha ta zama jita-jita.